Hoto Daga Kujerar Uban Amarya

A garin Masaka da wuya ka shiga falon gidan da aka taɓa aurar da 'ya, ba ka tarar da aikin Erisa Lutaaya rataye a bango ba. Wasu hotunan sun koɗe har farar riga ta koma ruwan shayi, wasu kuma kwanan nan aka wanko su, amma hannun ɗaya ne, kuma wanda ya san shi ba ya ɓata masa. Mutanen cikin hoton kamar ba su san ana ɗaukarsu ba, ga su kuwa dab da kai kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Da ƙafa yake samo wannan kusancin. Tun yana saurayi, lokacin da yake yawon ƙauyuka a kan keke da jakar fim a wuya, ido ɗaya ne a bakin kyamararsa, irin wanda ba ya jawo nesa kusa. In fuska yake so, sai ya taka ya je wurin fuskar. In taron yake so gaba ɗaya, sai ya yi ta ja da baya har ya faɗa gonar ayaba. An gan shi a kan tebur, an gan shi a kan rufin mota, an taɓa ganinsa kwance rub da ciki tsakanin kwandunan kayan aure. Saboda yawan tsallen nan yara suka laƙa masa Nsenene, sunan farar da ke sauko mana ƙarshen shekara. Tun yana jin haushi har ya gaji ya rubuta sunan a allon shagonsa da ke unguwar Nyendo.

Zamani ya juya, fim ya ɓace daga kasuwa, shi ma ya bi ayari ba don yana so ba. Kyamarar da ke hannunsa yanzu 'yar ƙarama ce marar madubi a ciki, ba nauyi, in an ce ta yi shiru ko ƙwas ba ta yi, allon bayanta kuma yana ɗagowa. Amma idon da ya ɗaura mata irin na da ne. Samarin da ke kafewa wuri ɗaya suna murza dogayen idanu, ba ya kiransu masu hoto, sai dai maharban tsuntsu.

"Allah ya ba ka ƙafa biyu kyauta, ka tafi kanti sayen ta uku?" in ji shi. "Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi."

To, sai ga tsautsayin ya biyo shi har gida. Nakiwala, 'yarsa mace tilo bayan maza uku, wadda ke aikin jinya a garin Mbarara, ta aiko cewa za ta kawo saurayinta Tamale a yi kwanjula, ranar da dangin namiji ke zuwa gidan iyayen mace a nuna su, a karɓe su. Lutaaya ya ɗauki irin wannan biki har ya san abin da kowane mai magana zai faɗa kafin ya buɗe baki. Abin da bai taɓa zama ba shi ne uban amarya.

Yayarsa Lunkuse ce ta fara tuna masa. Ita ce gwaggon amarya, kuma a wurinmu ragamar wannan rana a hannun gwaggo take. Ta shigo ta same shi a baranda yana goge kyamara da ƙyalle.

"Wannan abin da kake shafawa kamar jariri, ina za ka da shi?"

"Ina kuwa, Yaya? Bikin 'yata."

"Bikin 'yarka kujera za ka zauna. Ka sa farar doguwar rigarka ta kanzu, ka ɗora kwat, ka yi fuskar mutumin kirki, ko da ta aro ce."

"Zan zauna mana. In ɗan tashi kaɗan, in dawo."

"Na san kaɗan ɗinka. Ranar jana'izar Baba ma sai da aka sauko da kai daga kan mangwaro. Ka buɗe kunnenka, Erisa. Baƙi su zo neman uban yarinya, a nuna musu wani tsoho a kan tebur, gindi a sama? Su koma su ce gidan ba uba sai ɗan kwangila? Kana ɗagawa daga kujerar nan zan kwance ɗamarata in kama hanyar gida, ka nemo wadda za ta nuna maka angon."

Ya san ba barazanar banza take yi ba. Yayyen Nakiwala kuma sun riga sun yi magana da wasu masu hoto daga Kampala. Ya mayar da kyamarar jaka, ya yi kwanaki yana cin abinci ba tare da ya ce ya yi daɗi ba. Da maganar ta tsaya nan da ba wani labari, sai dai akwai Nanfuka.

Nanfuka matarsa ce, telar gomesi, doguwar rigar bikin matanmu, mace mai ƙarancin magana. Gidaje da yawa sun sassauta tsohuwar kunyar da ke tsakanin uwar mace da mijin 'yarta, ita kam ba ta sassauta ba. Uwarta ba ta fita fili ranar bikinta ba, ba ta kuma taɓa ɗaga ido ta dubi Lutaaya ba har ta koma ga Allah. Ita ma haka za ta yi: tana cikin ɗaki ranar, kuma fuskar Tamale ba abin kallonta ba ce, ranar da bayanta.

Wata yamma tana ɗinka kafaɗar gomesin amarya, allura a baki, ta ce, "Baban Nakiwala, abu ɗaya nake so a wurinka."

"In dai ba rawa ba ce."

Ta cire allurar. "Fuskar yaron nan. Lokacin da yarinyata za ta fito daga ƙofa, ina so in ga abin da fuskarsa za ta yi. Ba irin hoton da ake cewa kowa ya yi murmushi ba. Daidai wannan lokacin."

"Ai an ɗauko 'yan Kampala."

"Kai da bakinka ka faɗa min, in amarya ta fito, duk mai kyamara wajenta hannunsa ke juyawa, ko an biya shi kada ya juya."

Gaskiya ne, shi ya faɗa. Ya sosa ƙeya. "To me za ki gani a fuskar? Yaro ne natsattse, ga aikinsa, ga danginsa."

"Ba aikinsa zai zauna da ita ba. Ni ranar da na fito, na ɗaga ido a sace, ka san abin da na gani? Angona yana can yana kallon kyamarar mai hoto."

"Mutumin a karkace ya riƙe ta! Duk hotunanmu ba ki ga kamar muna gangara ba?"

"Tun ba mu da furfura kake faɗar haka."

"Kuma ba ki gudu ba."

"Ban gudu ba. Amma daga baya uwata ta tambaye ni, yaya ya kalle ki? Sai da na yi mata ƙarya." Ta mayar da kai kan ɗinkin. "Ba na son 'yata ta yi min ƙarya. Gara in gani da idonka."

Washegari da safe ya ɗauki kujera ya ajiye daidai inda rumfar dattawan gida za ta tsaya. Ya zauna, ya saita kyamara can tsallaken fili, gindin bishiyar fiya, inda za a kafa rumfar baƙi. Akuyar maƙwabta na ɗaure a wurin. A cikin tsohon idonsa akuyar ba ta fi ƙwayar wake ba. Ƙafarsa ta motsa da kanta za ta tashi, ya danne ta da hannu.

Ya yi tunanin aron dogon ido, ya riƙa sauyawa. Amma uban amarya da jaka a gindin ƙafa, yana kwance wannan yana ɗaura wancan a gaban surukai? Ga shi kyamarar ba madubin da zai tare ƙura in an buɗe bakinta. Sauyin ido ɗaya kuma ya ishi fuska ta gama abin da za ta yi ta koma yadda take. Ido ɗaya yake bukata, mai tafiya a madadinsa yana zaune. Ya daɗe a kujerar yana kallon akuya, akuya na kallonsa, sannan ya shiga ya sa takalmin tafiya.

A Kampala, a saman wani bene mai cunkoson shaguna, Alhaji Walusimbi ke sayar da kayan hoto. A da shagonsa na fuskantar na Lutaaya a Nyendo, sun yi shekaru suna ƙwace wa juna amare kafin gwiwa ta zaunar da Alhaji a bayan kanta.

"Ikon Allah! Nsenene a shagona? Yau akwai ruwa. Wace ce ta lalace, ƙafar dama ko ta hagu?"

"Rufa min asiri, Alhaji, rage murya."

"Zum kake so, ido mai jawo nesa kusa. Na gani a fuskarka. Irin fuskar mai sayen maganin basir, yana cewa na abokinsa ne."

Lutaaya ya zauna ya kwashe labari ya faɗa masa. A wurin Lunkuse da mangwaro Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da aka zo kan maganar Nanfuka sai ya ɗauki hular ya kakkaɓe, ya buɗe durowa ya jero idanu uku a kan kanta.

Na farko gajere ne mai kauri, yana buɗewa ya kwashi ɗaki guda, ya kuma ɗan jawo, amma ba ya nisa. Lutaaya ya ɗaura shi, ya saita kan Alhaji. Kowace furfura ta fito da ranta, haske ya sha har ya ƙoshi duk da duhun shagon.

"Wannan ai ido ne," in ji shi, ya miƙe zai taka zuwa ƙofa.

Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi. "Zauna, tsohon banza. Ranar ma haka za ka yi?" Ya jawo kujerar zuwa bakin baranda, inda ake hango titi a ƙasa. "Daga nan ba ka motsi. Rumfar baƙi nisan ina?"

Lutaaya ya ƙanƙance ido. "Kamar matar can mai gasa ayaba."

"To ga angonka nan. Ɗauko min fuskarta."

Ya murza kyakkyawan idon har ƙarshe. Ga matar, ga murhunta, ga 'yan acaɓa biyu, ga rabin wata mota. Komai tsaf, amma ko dariya take ko faɗa, Allah kaɗai ya sani.

Na biyu dogo ne mai nauyin taɓarya. Ya kawo fuskar matar har da zufan goshinta, amma na kusa ba ya ganinsu ko kaɗan, kuma kafin a jima wuyan hannun Lutaaya ya gaji.

"Ɗora wannan a cinya a gaban surukai," in ji Alhaji, "su ce uban amarya ya tare su da igwa."

Na uku baƙi ne, ba shi da wani kwarjini, ba ya ma cika hannu. Shi ne irin wanda Lutaaya ya fi zagi a rayuwarsa, mai cewa zai yi aikin kowa: daga faɗin fili har can nesa, duk a murɗa ɗaya. Ya ɗaura shi yana yatsina. Fuskar matar ta cika allo.

"Ba zan yi maka ƙarya ba," in ji Alhaji. "In ka miƙa shi ƙarshe yana rowar haske. Hadari ya haɗu, hotonka zai yi yashi-yashi. Kaifinsa kuma bai kai na farkon ba, ko kusa."

"Na gani. Dubi girarta, gashin duk ya cakuɗe."

"Maman Nakiwala gashin gira ta aike ka?"

Lutaaya yana kallon allon. Wani ɗan acaɓa ya faɗa wa matar wata magana, ta ɗaure fuska, ta ɗaga cokali kamar za ta kwaɗa masa, sai gefen bakinta ya ci amanarta, ta juya kai tana ɓoye dariya. Duk ya karanta, yana zaune, bai taka ko'ina ba. Abin ya ɗan ba shi haushi.

Ya sauke kyamarar kan cinya, ya ɗago allon, ya sunkuyar da kai, ya gwada murza idon da babban yatsa kaɗai. Ya tafi sumul, ya dawo sumul. Ya karkata shi ƙasa ya ga ko zai zazzago da kansa, bai zazzago ba.

"Haka nan!" in ji Alhaji. "Kamar mai addu'a. Za su ce tsohon nan akwai tsoron Allah."

Suka yi ciniki irin na tsofaffin abokan hamayya, kowa na rantsuwa an cuce shi. Yana sauka daga bene Alhaji ya leƙo ya ɗaga murya yadda duk maƙwabta za su ji: "A gaishe da maharbin tsuntsu!"

Kwanakin da suka rage a kan akuya da kaji ya ƙare su, zaune a kujerar nan, kai a sunkuye, har hannunsa ya san hanya ba sai ya duba ba.

Ranar biki fili ya cika tun hantsi. Tururin matoke, dafaffiyar ayabarmu, na tashi daga bayan gida, rumfuna biyu na fuskantar juna, baƙi suka iso a makare kamar yadda baƙi suka saba, maza cikin fararen kanzu, mata cikin gomesi. Masu magana na ɓangarorin biyu suka fara zolayar juna. Lutaaya na tsakiyar dattawa, kyamara a cinya, farin hankici a kanta. Lunkuse ta wuce ta gabansa, ta dubi hankicin, ta dube shi, ta dubi ƙafafunsa, ta wuce.

Zaman ya yi masa wuya fiye da yadda ya zata. 'Yan mata suka fito rukuni-rukuni suna durƙusawa gaida baƙi, ɗaya daga cikin 'yan Kampala ya tsaya rana na dukan idon kyamararsa, Lutaaya ya cije leɓe har ya ji gishiri. Diddigensa na ta dukan ƙasa a ƙarƙashin kanzu. Can Lunkuse ta fito da rawa, ta ratsa baƙi tana leƙa fuskoki, ta kama wani tsoho mai sanƙo ta ce ko shi ne, aka kwashe da dariya, sannan ta zaƙulo Tamale daga layin baya inda aka ɓoye shi, ta maƙala masa fure a ƙirji, ta kawo shi kujerar gaba.

Sai hadari ya taso daga wajen babban tafkin yankinmu. Haske ya faɗi kamar an rage fitila. Lutaaya ya tuna maganar Alhaji, ya lallaɓa hannu ƙarƙashin hankici ya ƙara wa kyamarar ƙarfin gani, ya san abin da hakan zai jawo wa hoton. Ya janye hankicin daga bakin idon, ya murza har ƙarshe. Ga Tamale a allo, zufa a hanci, ya buɗe gorar ruwa zai jiƙa maƙogwaro.

Kiɗa ya sauya. Guɗa ta tashi daga bayansa ta hagu, wajen ƙofar gida. Fili gaba ɗaya ya juya, kyamarori duka suka juya, har yaran da ke kan katanga. Wuyansa ma ya fara juyawa. Yarinyar da ya goya a kan keke ce ke fitowa, cikin gomesin da ya ga ana ɗinkawa zare-zare.

"Kai, Lutaaya, dubi 'yarka!" in ji dattijon da ke gefensa, yana zungurinsa da gwiwar hannu.

Bai ɗago ba.

A allon, gorar ta tsaya a hanya, ba ta kai baki ba. Idanun Tamale suka buɗe. Gorar ta karkace a hankali, ruwa ya fara zuba a kan farar kanzu, daga ƙirji zuwa cinya, shi bai ma sani ba. Abokinsa ya kama masa wuyan hannu, bai waiwaya ba. Leɓensa na ƙasa ya yi rawa, ya yi kamar zai yi dariya, sai idon ya kawo ruwa. Lutaaya ya danna, ya sake dannawa. Kyamarar ba ta yi ko tari ba.

Lokacin da ya ɗaga kai, Nakiwala ta riga ta durƙusa a kan tabarma a tsakiyar fili, ta ba shi baya. Ya murza idon ya dawo da shi, ya ɗauki filin duka sau ɗaya, ya mayar da hankici.

"Bar shi," ya ji wani dattijo na raɗa. "Ya kasa kallo ne. Kuka yake ɓoyewa."

Aka ci, aka sha, aka jera kaya, ruwan ma bai sauko ba sai yayyafi. Baƙi suka tashi kafin magariba, don ba a bari duhu ya sami mutum a gidan surukai. Lunkuse ta same shi har yanzu a kujerar, ta ce, "Yau ka zama mutum, ƙanena. Tashi, na yafe maka." Da ƙyar ƙafafun suka yarda.

Nanfuka na zaune a bakin gado kusa da taga, labule a ɗan zuge. Ya miƙa mata kyamarar, ya tsaya a kanta kamar ɗalibi.

"Hadari ya ɓata min haske. Kin ga ya yi yashi. Gefen ma bai fita ba, da ɗaya idon ne..."

"Yi shiru."

Ta riƙe kyamarar da hannu biyu. Wannan ne karon farko da ta ƙare wa fuskar surukinta kallo, kuma ta san da wuya ta sake. Ta daɗe, har ya fara jin ƙarar masu naɗe rumfa a waje.

"Ruwan nan a jikinsa yake zuba?"

"Har cikin takalmi."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta kama bakin zanenta ta goge ido. "Ya fi ka."

"Ya fi ni."

Ta ajiye kyamarar a kan matashi a hankali, ta ɗago. "Kai fa? Ka ga fitowarta?"

"Bayanta na gani."

"Hotunan 'yan Kampala za su zo."

"Za su zo," in ji shi, yana kallon ƙasa.

Ta matsa, ta buga katifa da tafin hannu. "Zauna. Tagar nan ba ta ganin rumfar baƙi, amma tana ganin ƙofa."

Ya zauna.

"Da ta zo bakin ƙofa sai ta tsaya. Ta cije leɓe, irin yadda ta yi ranar da ka fara kai ta makaranta. Na ce a raina yarinyar nan za ta juyo. Sai ta ɗaga ido. Ba rumfar baƙi ta fara duba ba, taku ta duba, kai take nema. Ta gan ka kai a ƙasa, yatsa na motsi a ƙarƙashin hankici. Sai ta yi dariya, kafaɗunta suka sauka, ta taka."

"Ta gane?"

"'Yar wa ce?"

Lutaaya ya zaro hankicin daga aljihu, wannan karon don amfanin da aka yi shi.

"Sake faɗa min," in ji shi. "Daga ƙofa. Hasken ta wane gefe ya faɗo mata?"

"Ka ji shi kuma. Hotona ne, ka bar ni in ɗauka yadda na iya."

Ta fara daga ƙofa.